Yadda ake wanke kayan aksul ɗin babbar mota a duba su lokacin sabis

Da farko ka sa wa tayoyi waigi, ka zubar da man aksul ɗin tun yana da ɗumi. Duba maganaɗisun da ke jikin notin zubar da man, in ɗan baƙin gari ne ba komai, amma in ka ga ɓarɓashin ƙarfe to akwai abin da ke cin kansa a ciki.

Sai ka kwance, kana ajiye kayan dama daban na hagu daban.

Wanki kuma da kananzir ko gas (wato dizal) za ka yi da burushi, don Allah banda fetur, ana walda kusa da kai wuta ce kawai. Boris da giya kar ruwa ya taɓa su, tsatsa suke yi nan da nan. Ka goge da tsumma mai tsabta ka shafa musu mai, kuma kar ka bar yaran gareji su riƙa juya boris da iskar kwamfuresa wai suna jin daɗin ƙarar, lalata shi suke yi.

Yanzu dubawa. Boris in ya yi ramuka ko ya koma shuɗi-shuɗi zafi ya ci shi, canza shi tare da kofinsa, wato zoben ƙarfen da yake juyawa a ciki. Haƙoran kuranwil da finiyon (babbar giyar aksul da ƙaramar da ke juya ta) ka bi su ɗaya bayan ɗaya da farce, in ɗaya ya mutu duka biyun ake canzawa saboda tare aka haɗa su tun daga kamfani. Duba shaf, wato sandar ƙarfen da ke juya taya, ko haƙoran bakinsa sun murɗe.

Oyil sil, wato robar da ke hana mai yoyo, sabo za ka sa. Buɗe birizan saman aksul (ɗan ramin da iska ke fita) in laka ta toshe shi, sannan ka zuba man giya irin wanda kamfanin motar ya ce har ya kawo bakin ramin da ake zuba man.