Yadda Ake Auna Hannun Jarin Manyan Kantunan Cefane Kafin a Saya

Ana yawan ɗaukar hannun jarin manyan kantuna a matsayin mafaka, tunda ko arziki ya hau ko ya sauka sai an ci abinci an sayi sabulu. Cefane kam ba a daina shi. Abin da yake sauyawa shi ne inda ake yinsa da abin da ake zubawa a kwando, kuma nan ne kuɗin mai hannun jari yake ƙaruwa ko ya narke.

Dalilin yana cikin ƙanƙantar ribar sana'ar. A cinikin 100, abin da yake rage wa kanti bayan kuɗin kaya, albashi, haya, lantarki da sufuri bai cika wuce 2 zuwa 4 ba. A ce kaya sun ci 75, sauran hidimomi sun ci 22, riba 3. Idan kantin ya rage farashi da kashi 1 cikin ɗari don kada masu saye su gudu, cinikin ya koma 99, riba ta koma 2. Ragin da mai saye ko lura da shi ba zai yi ba ya cinye sulusin ribar kamfani. Duk matakan da ke biye, wannan lissafin suke bi.

Mataki na 1: San waɗanda ake iya saye

Ba kowane kanti mai suna ne yake kasuwar hannayen jari ba. Aldi da Lidl, kantunan araha na Jamus, ba a sayar da hannun jarinsu ga jama'a. Morrisons na Birtaniya ya fita daga kasuwar hannayen jari a 2021 bayan kamfanin zuba jari na CD&R ya saye shi. Waɗanda ake samu sun haɗa da Walmart, Kroger da Costco a Amurka, Tesco da Sainsbury's a Landan, Carrefour a Faransa, da Ahold Delhaize. Wannan na nufin sau da yawa wanda yake ƙwace kasuwar ba za ka iya sayensa ba, sai dai ka sayi wanda ake ƙwace wa. Amazon ya sayi kantunan cefane na Whole Foods a 2017 kan dala biliyan 13.7, amma wanda ya sayi Amazon don cefane ya sayi raƙumi ne don akala.

Mataki na 2: Raba ciniki gida biyu, farashi da yawan kaya

Sauke rahoton shekara da rahotannin wata uku-uku daga shafin kamfanin, aƙalla na shekara biyar. Kada ka tsaya a jimillar ciniki, domin buɗe sababbin rassa kaɗai yana kumbura ta. Nemi cinikin rassan da suka shekara a buɗe, wanda aka cire man fetur a cikinsa, saboda yawancinsu suna da gidajen mai kuma farashin mai yana rikita lissafi.

Sannan ka cire hauhawar farashi. Idan cinikin tsofaffin rassa ya ƙaru da kashi 6, farashin kaya kuma ya hau da kashi 9, to yawan kayan da suka fita ya ragu da wajen kashi 3. Kantin raguwa yake yi alhali takarda tana nuna girma. A Maris na 2023 hauhawar farashin abinci a Birtaniya ta haura kashi 19, kusan kowane kanti cinikinsa ya yi kyau a ido, amma ba kowanne ne ya riƙe masu sayensa ba. Don gane wanda ya riƙe, duba kason kasuwa da kamfanonin bincike irin su NielsenIQ suke fitarwa. Wata guda ba hujja ba ce. Kason da yake zaizayewa shekara biyu a jere kuwa, alama ce babba.

Mataki na 3: Bi sawun mai cefane

Nan ne aikin ya fi yawa, kuma nan aka fi yin kuskure.

Abu na farko, ƙaura zuwa kantunan araha. Aldi da Lidl suna ajiye nau'in kaya dubu biyu ko makamancin haka, babban kanti kuwa dubun-dubatai. Ƙarancin nau'i yana ba su damar sarin kaya ɗaya da yawa, da ƙaramin gini, da ma'aikata kaɗan. Aldi ya shiga Birtaniya a 1990, a 2022 ya ture Morrisons ya zama na huɗu a ƙasar. Wanda ya ɗanɗana araha a lokacin matsi bai cika dawowa gaba ɗaya ba ko aljihu ya farfaɗo. Ka duba ko kantin da kake so yana daidaita farashinsa da na masu araha, kuma daga ina yake biyan giɓin. Idan daga rage kashe-kashe ne, da sauƙi. Idan daga riba ne, koma ga lissafin 3 da 2.

Na biyu, kayan da suke ɗauke da tambarin kantin kansa, irin su Kirkland Signature na Costco da Great Value na Walmart. Sun fi araha ga mai saye, amma yawanci kason ribar kanti a kansu ya fi na kayan manyan kamfanoni. Saboda haka idan jama'a suka koma musu, ciniki zai iya yin ƙasa riba kuma ta tsaya daram. Kada raguwar kuɗin kwando kaɗai ta razana ka.

Na uku, oda ta intanet, wadda ta yi tsalle a 2020 lokacin kullen korona. Tana da kyau a labari, a lissafi kuwa da sauran magana. A cikin kanti mai saye ne yake zagayawa ya ɗebi kaya, ya tura keke, ya kai gida da kansa, duk kyauta. A oda, kamfani ne yake biyan mai tsinto kayan, da mota mai firji, da direba, kuma kuɗin kai kaya da ake karɓa sau da yawa ba ya rufe wannan. Ƙaramar oda mai nisan hanya asara ce tsagwaronta. Abin da za ka nema a rahoto: matsakaicin kuɗin oda ɗaya, kason waɗanda suke zuwa karɓa da kansu, da kuma ko kamfanin ya fito fili ya ce sashen yana riba. Idan girman cinikin kawai yake ta yabo ya yi gum a kan riba, shirun ma magana ce.

Na huɗu, katin rangwame da talla. Tesco ya fito da Clubcard tun 1995. Bayanan sayayyar da irin wannan kati yake tarawa yanzu ana sayar wa masu kaya gurbin talla da su, kuma ribar talla ta ninka ta sayar da abinci nesa ba kusa ba. Costco kuma babban kaso na ribarsa daga kuɗin rajistar mambobi yake fitowa, don haka a wurinsa yawan masu sabunta rajista ne abin sa ido.

Mataki na 4: Bashi, haya da tsabar kuɗi

Kanti yakan sayar da kaya kafin ya biya wanda ya kawo su, wato da kuɗin mutane yake juyawa. Raba kuɗin kayan da ke ajiye da kuɗin kayan da aka sayar a shekara, ka ninka da 365, za ka sami kwanakin da kaya suke yi kafin su fita. Idan kwanakin suna ƙaruwa, kwantai ne, kuma ɗanyen kaya ba ya jira. Tsarin juya kuɗin masu kawo kaya yana da daɗi muddin ciniki yana hawa. Da ya fara sauka, bashin jiya yana nan, kuɗin yau ya gaza.

Haɗa hayar gine-gine cikin bashi. Tun 2019 ƙa'idar lissafin kuɗi ta IFRS 16 ta tilasta a nuna ta, don haka ba sai ka yi tono ba. Kamfanin kantunan Casino na Faransa bashi ne ya durƙusar da shi, kuma a gyaran da aka yi a 2024 kason tsofaffin masu hannun jari ya kusa shafewa.

Kwatanta ribar da aka rubuta da tsabar kuɗin da suka rage bayan gini da gyaran rassa. Idan riba tana hawa tsaba ba ta binta, tsaya. A Satumban 2014 Tesco ya bayyana cewa an zuzuta hasashen ribarsa da kusan fam miliyan 250, ta hanyar rubuta kuɗin da ake karɓa daga masu kawo kaya kafin lokacinsu. A 2015 ya sanar da asarar fam biliyan 6.4, rabon riba ya tsaya har zuwa 2017. Shahararren mai zuba jari Warren Buffett ma yana cikin waɗanda abin ya ritsa da su.

Mataki na 5: Farashin da ya dace

Raba farashin hannu ɗaya da ribar hannu ɗaya, shi ne abin da shafukan kasuwa suke rubutawa P/E. Kwatanta shi da na takwarorin kamfanin da kuma nasa na shekarun baya. Rabon riba mai tsoka fiye da na kowa sau da yawa faɗuwar farashi ce ta haifar da shi, don haka tabbatar tsabar kuɗin da ta rage ta ninka rabon sau ɗaya da rabi ko fiye. Kuma kada ka saya don jita-jitar haɗewa: hukuma ta hana Sainsbury's da Asda a 2019, kotu ta tare Kroger da Albertsons a Disambar 2024.

Mataki na 6: Sayen kansa

Buɗe asusu wurin dillali mai lasisin hukumar da ke kula da kasuwar, ka san kuɗin da yake yanka a saye, a sayarwa, da a canjin kuɗi. Tabbatar da lambar kamfani: TSCO a Landan Tesco ne, amma TSCO a kasuwar Nasdaq ta Amurka kamfanin Tractor Supply ne. A Landan da kwabon fam ake rubuta farashi, 300 na nufin fam 3, kuma akwai harajin kashi 0.5 a kan saye. Amurka tana cire kashi 30 daga rabon ribar baƙo, sai in ƙasarsa tana da yarjejeniyar haraji da ita kuma ya cike takardar W-8BEN.

Ba da oda mai ƙayyadadden farashi, ba ta ko nawa ne ba. Raba kuɗin kashi uku ko huɗu, ka shiga da kowane kashi bayan fitar rahoton wata uku, kuma kada wannan sashe ya cinye jarinka duka, domin yaƙin farashi idan ya ɓarke kantuna duka yake taɓawa. Kafin kashi na farko, rubuta sharaɗin dakatawa a takarda: misali yawan kayan da ake sayarwa ya ragu rahoto uku a jere alhali na takwarori yana ƙaruwa, ko a ci bashi don biyan rabon riba. Idan ɗaya ya faru, kashin da ya rage ya tsaya a hannunka har sai rahoto na gaba ya fito.