Yadda za ka yi hulɗa da mutanen birnin Guangzhou na ƙasar Sin ba ka jin Sinanci

Tun kana gida ka sauke WeChat, manhajar aika saƙo ta Sin, a wayarka. Google da WhatsApp a toshe suke a Sin, shi kuwa WeChat kowa na da shi, kuma yana fassara saƙo in ka danne shi da yatsa.

Na biyu, karɓi katin otal ɗinku mai adireshi da rubutun Sinanci. Shi za ka miƙa wa direban tasi, ba sai kun yi ta kallon-kallo ba.

Na uku, haddace kalmomi huɗu. "Ni hao" gaisuwa ce, "xiexie" (a furta shi kamar shiye-shiye) na gode, "duoshao qian" nawa ne, "tai gui le" ya yi tsada. Karin harshenka zai ba su dariya. Bar su su dara, daga nan ake sabo.

Wajen ciniki kalkuleta ce tafinta. Mai shago ya buga farashi, ka goge ka buga naka, ya girgiza kai ya sake bugawa. Amma ka kula da ƙirgen yatsunsu, ba irin namu ba ne: in ya miƙe babban yatsa da ƙaramin, ya naɗe sauran, shida yake nufi, ba biyu ba. Kun daidaita? A rubuta adadi da launi a takarda, ka ɗauki hoto. In ya ba ka katinsa, karɓa da hannu biyu.

Yunwa ta taso, nemi alamar 清真, wato halal. A unguwar Xiaobei shagunan taliyar Musulmin Sin suna da yawa. Yi musu sallama, za su amsa.