Yadda Za Ka Auna Aiki, Makamashi da Fawar Jikinka da Matakalar Bene

Duk shekara idan na iso babin aiki, makamashi da fawa (wato saurin yin aiki) a darasin fizis da 'yan SS1, tambaya ɗaya nake fara jefa musu. Ga ɗan dako a kasuwar Farin Gada, an ɗora masa buhun dankalin Bokkos a kai, mai kayan ya tsaya ciniki, shi kuwa yana tsaye cik har minti goma, gumi na tsiyaya, wuya na rawa. Aiki nawa ya yi? Kowa sai ya ce ai ya sha aiki. In ce musu a lissafin fizis bai yi ko ƙwaya ba. Bara wata yarinya daga bayan aji ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, don Allah ka je ka faɗa masa haka da bakinka, mu za mu tsaya daga nesa."

Ta yi gaskiya, kuma a nan ne yawancin ɗalibai ke fara ɓata. A gida, aiki shi ne duk abin da ya gajiyar da kai. A fizis kuwa an ƙuntata kalmar: sai ka tura ko ka ja abu, abin kuma ya gusa ta ɓangaren da kake tura shi, sannan a ce ka yi aiki. Haddar wannan ba ta zama a kai. Abin da na ga yana zama shi ne wanda ɗalibi ya auna da ƙafarsa, don gani ya kori ji. Saboda haka ka nemo tef ɗin tela ko rula, da waya mai agogon ƙirga daƙiƙa, da takarda da biro, da aboki ɗaya. Sai bene mai matakala, ko na makaranta ko na maƙwabta.

Mataki na farko: mayar da kilo zuwa niyuton

Hau sikeli. Idan babu a gida, akwai a kemis da asibitin unguwa. A ce ya nuna kilo 50. Wannan lamba ba ita za ka sa a lissafin aiki ba. Da Hausa duk nauyi muke cewa, amma abu biyu ne. Kilo yana auna yawan abin da jikinka ya ƙunsa, wanda littafinku ke kira mas. Ƙarfin da ƙasa ke janyo ka da shi kuwa, wato fos, da niyuton ake auna shi. Ƙasa tana jan kowane kilo ɗaya da kimanin niyuton 9.8, amma masu WAEC da NECO sukan ce a ɗauka 10 ne don sauƙi, mu ma haka za mu yi. Kilo 50 sau 10, niyuton 500 ke nan. Rubuta shi.

Mataki na biyu: auna tsayi, ba tsawon hanya ba

A nan sai ka natsu. Kada ka shimfiɗa tef a kan gangaren matakalar daga ƙasa zuwa sama. Tunda ƙasa tsaye take janyo ka, tsayin da ka tashi tsaye shi ne abin lissafi. Auna tashin taki ɗaya, a ce santimita 15, ka ƙirga takun, a ce 20 ne. Mayar da santimita zuwa mita tun yanzu: 0.15. Sau 20 ya ba ka mita 3.

Yanzu aiki shi ne fos sau nisan da abu ya gusa. Niyuton 500 sau mita 3, ka samu 1,500. Ma'aunin sunansa jul, daga sunan James Joule, Baturen Ingila da ya rayu daga 1818 zuwa 1889. Jul ɗaya ba wani abin kirki ba ne. Ka ɗauki tumatiri mai giram 100 daga ƙasa ka ɗora a kan tebur mai tsayin mita ɗaya, ka yi aikin jul ɗaya ke nan.

Idan babu bene kusa da kai, rijiya ta wadatar. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka guga mai lita 10 niyuton 100 ne. Rijiya mai zurfin mita 12, kowane ja jul 1,200. A auna igiyar a waje bayan an jawo ta, kada wani ya ce zai leƙa ciki da tef.

Mu koma wurin ɗan dakonmu. Lokacin da aka cicciɓi buhu mai kilo 50 daga ƙasa zuwa kansa, a ce mita 1.6, an yi aikin jul 800. Daga nan buhun bai ƙara tashi ba, nisa sifili, aiki sifili. Ko da ya kama tafiya a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ya ƙara sauri, wuyansa sama yake tura buhun alhali buhun gaba yake tafiya, ba su haɗa hanya ba. Abin da kos ɗin nan na cikin littafi, wato cosine na lissafin kusurwa, ke nufi ke nan: ana ninka fos da nisa da kos na kusurwar da ke tsakaninsu. Kos na digiri 90 sifili ne. Na digiri 60 rabi ne, shi ya sa wanda ya ja akwati da igiya a karkace digiri 60, da niyuton 200, tsawon mita 10, aikinsa jul 1,000 ne ba 2,000 ba.

To gajiyar fa, daga ina? Zaruruwan tsokarsa ba a tsaye suke ba, suna ta ɗamewa suna saki don riƙe kayan, suna ƙona abincin da ya ci, ya koma zafi da gumi. Ya kashe makamashi da gaske, sai dai ko kaɗan bai shiga buhun ba. Wannan amsa na ba yarinyar nan, ta ce duk da haka ba za ta raka ni ba.

Mataki na uku: bi sawun makamashin

Makamashi, ko enaji, shi ne jarin da ake yin aiki da shi, kuma da jul ake auna shi kamar aikin. Ba a ƙirƙirarsa, ba ya kuma ɓata, kama kawai yake sauyawa. Da ka kai saman bene, jul 1,500 ɗin nan suna ajiye a matsayin makamashin tsayi, lissafinsa kilo sau 10 sau tsayi. Ka lura lissafin da muka riga muka yi ne, suna kawai ya sake.

Ɗaya nau'in shi ne makamashin motsi: rabin kilo sau gudu sau gudu. Gudun sau biyu ake ninka shi, kuma a wurina babu layin da ya fi wannan amfani a babin gaba ɗaya. Ɗauki mota mai kilo 1,000 tana tafiyar mita 10 a daƙiƙa, wato kilomita 36 a awa. Rabin 1,000 shi ne 500, sau 10, sau 10, jul 50,000. Direba ya taka ta zuwa mita 20 a daƙiƙa, kilomita 72 a awa: 500 sau 20 sau 20, jul 200,000. Gudu ya ninka biyu, makamashi ya ninka huɗu, kuma nisan da birki ke bukata kafin ya tsayar da ita shi ma kusan ninki huɗu ne.

Duk wanda ya taɓa sauka Hawan Kibo a hanyar Akwanga ya ji ƙaurin birkin manyan motoci. Yi lissafin da kanka. Tirela mai tan 30, wato kilo 30,000, idan ta sauko tsayin mita 100 kacal, ta saki jul miliyan 30. Dole su tafi wani wuri. Ko dai su koma gudu, ko birki ya shanye su ya mayar da su zafi. Idan birkin ya yi zafin da ya wuce kima sai ya daina kamawa, dalilin da ya sa tsofaffin direbobi ke saukowa da giya mai ƙaramar lamba, injin ya taya birki riƙo. Wannan sauyi daga motsi zuwa zafi shi ne abin da Joule ya auna a shekarun 1840, da ya bar nauyi yana saukowa yana juya filafilai a cikin ruwa, yana duba yadda ɗumin ruwan ke ƙaruwa.

Ga dabarar jarrabawa da ke fitowa daga nan. Mangwaro ya faɗo daga reshe mai tsayin mita 5, da wane gudu zai bugi ƙasa? Ba a ba ka nauyinsa ba, kada ka tsorata. Daidaita makamashin tsayi da na motsi, kilon zai fita daga ɓangarorin biyu. Abin da zai rage: gudu sau gudu daidai yake da 2 sau 10 sau 5, wato 100. Amsa, mita 10 a daƙiƙa.

Mataki na huɗu: kawo agogo

Yanzu abokinka ya tsaya a sama da waya. Hau matakalar a hankali kamar mai zuwa gaida surukai. A ce daƙiƙa 10. Sauko ka huta, ka sake hawa da sauri, amma ba da silifas ba, kuma ba a kan jiƙaƙƙen siminti ba. A ce daƙiƙa 5. Yi kowanne sau uku ka ɗauki matsakaici, don yatsan mai danna waya ba ya rasa jinkiri.

Aikin bai sauya ba, jul 1,500 ne a duka biyun, sannu ba ta hana zuwa. Abin da ya bambanta shi ne saurin yin aikin, shi ake kira fawa: aiki raba da lokaci. 1,500 raba 10, wat 150. 1,500 raba 5, wat 300. Wat ɗaya jul ɗaya ne a kowace daƙiƙa, an sa masa sunan James Watt na Sikotland, 1736 zuwa 1819, wanda ya inganta injin tururi. Shi ne ya riƙa kwatanta injinansa da dawakai don masu saye su gane, har yau kuma ana rubuta ƙarfin doki a jikin famfon tura ruwa. Ƙarfin doki ɗaya kimanin wat 746 ne. Da gudunka da hakinka, ba ka kai rabin doki ba.

Mataki na biyar: je wurin mita

Wannan ne wurin da iyaye ke fara sauraro. Yunit ɗin da ake saya a mitar kati ba fawa ba ne, makamashi ne: kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya. Wat 1,000 sau daƙiƙa 3,600, jul 3,600,000. Raba shi da 1,500 ka gani. Sai ka hau benen nan sau 2,400 kafin ka yi aikin yunit ɗaya, wanda dutsen guga mai wat 1,000 ke lashewa cikin awa guda. Garin Jos yana kan tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, ƙololuwar duwatsun Shere ta haura mita 1,800. Mai kilo 50 da ya tashi mita 600 ɗin da ke tsakani ya yi aikin jul 300,000, bai kai kashi ɗaya cikin goma na yunit ba.

Duba jikin kayan wutar gidanku, za ka ga an rubuta wat ɗin kowanne. Mayar da shi kilowat, ninka da awannin da yake kunne, ka samu yunit. Ƙwan fitila mai wat 10 na awa 10, yunit 0.1. Hitar ruwa mai wat 1,000 kuwa, wadda sanyin Disamba ke sa kowa a Gangare da Unguwar Rogo ya nema, labarinta daban ne. Ɗumama kilo ɗaya na ruwa da digiri ɗaya yana cin kimanin jul 4,200. Bokiti mai lita 20 daga digiri 15 zuwa 45: 20 sau 4,200 sau 30, jul 2,520,000, wato yunit 0.7, kuma zai ɗauki minti 42 ko fiye. Gida mai mutum shida, kowa da bokitinsa, ka ga inda katin ke tafiya.

Wutar ma a nan Filato da lissafin matakalarka aka fara samar da ita. Kamfanin NESCO ya kafa tashar ruwa a Kurra tun 1929 domin ma'adinan kuza. Ruwa yana sama da makamashin tsayi, ya gangaro ya zama na motsi, ya juya injin, ya fito a waya. Idan a kowace daƙiƙa ruwa kilo 1,000 yana faɗowa daga tsayin mita 50, yana ɗauke da wat 500,000 kafin a cire asara.

Asarar nan ita ce abin da ya rage ka auna, idan kuna da famfo da tanki. A ce famfo mai wat 750 ya cika tanki mai lita 1,000 da ke mita 15 sama da ruwan rijiya, cikin minti 10. Aikin da ya amfane ku: 1,000 sau 10 sau 15, jul 150,000. Wutar da ya sha: 750 sau daƙiƙa 600, jul 450,000. Raba na farko da na biyu, ninka da 100, kusan kashi 33 cikin ɗari. Sauran ya tafi a zafin injin, da ƙara, da gogayyar ruwa a cikin bututu. Idan lissafinka ya taɓa ba ka fiye da kashi 100, kada ka yi murnar ƙirƙiro sabon inji. Koma ka duba, a mafi yawan takardun da nake makawa minti ne aka manta ba a mayar daƙiƙa ba, ko giram aka bari bai koma kilo ba.