Yadda malami zai fitar da ɗalibi daga "haka littafi ya ce" a darasin kimiyya

Yawancin yaran da ke shigowa JSS1 a Bauchi suna ɗaukar kimiyya tamkar hadda: amsa ɗaya ce, tana cikin littafi, kuma malam ne ya san ta. Masana tarbiyya sun daɗe da lura da haka. William Perry ya bibiyi ɗaliban jami'ar Harvard ta Amurka, ya fitar da sakamakonsa a 1970. Daga baya Deanna Kuhn ta nuna yadda tunanin yake sauyawa: da farko yaro yana ganin ilimi ba ya canjawa, sai ya ji masana suna saɓani ya ce ashe kowa da ra'ayinsa, sannan ya koyi auna hujja. Girma kaɗai ba ya kai mutum matakin ƙarshe. Manya da yawa a na biyu suka tsaya.

Fara da gano inda yaranka suke. Tambaye su: "Idan likitoci biyu suka saɓa, wa za mu bi?" Wanda ya ce ɗayansu ne bai yi karatu sosai ba, yana matakin farko. Kada ka gyara masa tukuna.

Sai ka ba su labarin inda masana suka sauya magana. An daɗe ana ɗora gyambon ciki a kan damuwa da cin yaji, har likitoci biyu na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna cewa wata ƙwayar cuta ce ke haddasa yawancinsa. Marshall da kansa ya sha ƙwayar cutar don ya gwada, kuma sun sami kyautar Nobel a 2005.

A nan ne aikin yake, domin wani yaro zai ce: "Malam, ke nan su ma cinke suke yi?" Idan ka bar shi a haka, ka raba shi da hadda ka miƙa shi ga duk jita-jitar da ke yawo a WhatsApp. Maida masa tambayar: me ya sa aka yarda da Marshall? Saboda wasu likitocin sun maimaita binciken sun sami abu ɗaya.

Yanzu a taɓa da hannu. Ba sai da ɗakin gwaji ba. A zafin watan Afrilu, kawo tulu da bokitin roba, zuba ruwa iri ɗaya, ajiye su a inuwa ɗaya. Kowane rukuni ya rubuta hasashensa kafin a auna da ma'aunin zafi. Ruwan tulu zai fi sanyi, saboda yana tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bin iska. Lambobin rukunonin za su ɗan bambanta, to kada ka zaɓar musu "daidai". Su tattauna: wa ya auna a makare, wa ya riƙe ma'aunin da hannu mai ɗumi?

Ranar jarrabawar aji, ware maki ga dalili ko da amsar ta karkace. WAEC da NECO za su nemi amsa, amma a ajinka kana da ikon tambayar "ta yaya ka sani?" kowane mako.