Yadda dan Zango zai bi sawun Wichterle ya zama masanin kemistri

Kannena na Aboabo da Asawase a Kumasi masu karatun sayens, wannan naku ne. Kullum korafin daya ne, wai lab ba kayan aiki. To bari in baku hanya ta bakin rayuwar wani farfesa dan kasar Cek, Otto Wichterle, wanda ya kirkiro dan gilashin nan mai taushi da ake mannawa a kwayar ido.

Da farko dai ka rike kemistri da fiziks da lissafi a WASSCE, jarrabawar gama sakandare, in babu su kofar KNUST, jami'ar kimiyya ta Kumasi, ba zata budu ba. Wannan kowa ya sani.

In ka shiga, nemi malami daya ka manne masa. Wichterle an haife shi 1913 a garin Prostějov, yayi karatu a Prag, kuma a hannun Farfesa Emil Votoček ya samu digirin dakta a 1936. Kemistrin sinadaran kabon ba abin hadda bane, da hannu ake koyo, kana wanke kwalabe kana kallon yadda babba ke tace abu. Saboda haka in lokacin bautar kasa yazo ka roki a barka a sashen kana taimakon malamai, ko da kudin trotro zuwa Tech Junction, bakin jami'ar, zai cinye rabin alawus dinka.

Sannan kar ka raina aikin kamfani. A 1939 'yan Nazi suka rufe jami'o'in Cek, mutumin nan bai zauna yana jiran a bude ba, ya tafi Zlín dakin binciken kamfanin Bata, eh Bata dai na takalmin da iyayenmu suka sa zuwa makaranta, a can ya hada wani zare mai kama da nailan da aka kira silon. Kai ma in kamfanin sabulu ko na magani a Tema ya kira ka, tafi.

Ga inda nafi so ka tsaya. Bayan yaki ya koma jami'a yana koyarwa har da rubuta littattafan karatu, 1958 siyasar kwaminis ta sa aka kore shi. Shi da abokin aikinsa Drahoslav Lím sun riga sun hada wata roba mai shan ruwa, HEMA, matsalar ita ce yadda za a zuba ta ta fito da siffar ido bakinta ba kaifi. A Kirsimetin 1961, a gida, ya dauko kayan wasan yaransa na karfe mai suna Merkur, ya hada da dinamon keke, ya kera injin dake juya 'yar kwarya, ruwan robar na juyawa yana bajewa har ya daskare, ya fitar da gilashin ido guda hudu na farko. Dinamon keke fa jama'a! Mu da muke da Suame Magazine, unguwar makanikai, a bayan gida, inda ba abin da makera basa iya yankawa. In injin motsa ruwa ya mutu a lab, zana shi a takarda ka kai wa masta, kudin walda kawai. Amma kaji, inji nace ka kera a gida, ban ce ka dinga hada asid a dakin Hajiya ba.

Kuma rubuta komai a littafi da kwanan wata, ka koyi maganar hakkin kirkira tun yanzu. Shi hukumar kimiyyar kasarsa ce ta sayar wa Amurkawa hakkin, kamfanin Bausch & Lomb suka fito da shi kasuwa a 1971, kaso kadan ne ya shigo aljihunsa. A 1968 ya sa hannu a takardar neman sauyi, aka tube shi daga shugabancin cibiyar binciken da ya koma bayan korarsa daga jami'a, sai 1990 aka maida shi shugaban hukumar kimiyyar gaba daya. Ya rasu 1998.

Mai son mastas a can kuwa, jami'o'in gwamnatin Cek basa karbar kudin makaranta in da yaren Cek zaka yi karatun, na Turanci ne ake biya. Ofishin jakadancinsu yana Ankara babban birnin Ghana, fara da fasfo da takardar sakamakonka, sannan ka tura wa farfesan da aikinsa yayi maka imel gajere, ka ambaci takardarsa guda daya da ka karanta da gaske.