Yadda Ake Tattara Tarihin Ƙungiyar Wasan Barkwancin Siyasa a Kumasi

Duk wanda ya ƙudiri niyyar rubuta tarihin wata ƙungiyar 'yan wasan barkwanci da ta yi suna wajen zolayar masu mulki, a zangon Kumasi ko a wani gari na Ghana, zai tarar tun farko cewa ba a bar masa takarda ba. Irin waɗannan ƙungiyoyi ba su saba rubuta wasanninsu ba. Shugaban ƙungiya kan tsara ƙashin labarin da baki, kowane ɗan wasa kuma ya cika nasa gurbin a kan dandamali gwargwadon yadda 'yan kallo suka karɓa, har ma wasan da aka yi daren Asabar ya bambanta da na daren Lahadi. Ga shi kuma zolayar siyasa ba ta daɗewa: maganar da ta sa jama'a faɗuwa don dariya a 1978 tana iya zama magana mara gishiri a kunnen yaron yau, domin bai san wanda ake yi wa shaguɓen ba. Babban aikin mai bincike shi ne ya ɗaure kowace zolaya da shekararta da kuma gwamnatin da aka yi ta a ƙarƙashinta.

Kafin mutum ya buga ƙofar kowa, ya kamata ya san asalin sana'ar a ƙasar nan, don ya gane inda ƙungiyar da yake bibiya ta faɗo. Wasan da ake kira Concert Party, wato wasan kwaikwayo mai haɗe da waƙa da barkwanci, ya soma ne a garuruwan bakin teku, inda wani shugaban makaranta a Sekondi mai suna Yalley ya fara nishaɗantar da mutane tun wajen 1918. Bob Johnson ya koya daga gare shi, kuma a 1935 shi da E. K. Dadson suka kafa Axim Trio, wadda ta zagaya ƙasa har ta ƙetara Najeriya. A 1952 E. K. Nyame ya kafa Akan Trio, ya haɗa wasan da kiɗan jita, ya kuma mayar da shi harshen gida maimakon Turanci, abin da ya kai shi ga talakawan ƙauye da manoman koko. A wancan zamani maza ne ke fitowa a matsayin mata. A 1972 shirin Osofo Dadzie ya shigar da salon cikin talabijin, sannan a tsakiyar shekarun 1990 shirin Key Soap Concert Party na babban ɗakin wasanni na ƙasa da ke Akra ya fito da su Nkomode da Bob Okala da Agya Koo.

Idan ƙungiyar ta 'yan zango ce, akwai wata jijiya ta biyu da bai dace a manta ba, wato tashen da yara ke yi a watan azumi da kuma wasan 'yan kama, waɗanda tun fil azal suke kwaikwayon manya a gaban jama'a ba tare da an ɗauke shi cin mutunci ba. Yana da kyau a tambayi kowane tsohon ɗan wasa inda ya fara kwaikwayon mutane, domin amsar kan nuna ko daga tashe ya taso, ko daga wasan makarantar Islamiyya, ko kuwa daga bin motar masu Concert Party.

Sai kuma sanin jerin gwamnatoci kamar yadda mutum ya san sunayen 'ya'yansa. Dokar tsare mutum ba tare da shari'a ba ta 1958, juyin mulkin 24 ga Fabrairun 1966 da ya kifar da Nkrumah, zuwan Acheampong a Janairun 1972 da zamanin kalabule, wato ɓoye kaya da tsawwala farashi, dawowar Rawlings a ranar 31 ga Disamban 1981, tsarin mulkin 1992, da soke dokar da ta mayar da ɓata suna laifin ɗauri a 2001 zamanin Kufuor, kowannensu ya sauya iyakar abin da ɗan wasa zai iya furtawa. Dokar hana fitar dare ta farkon mulkin PNDC, gwamnatin sojan Rawlings, ta karya sana'ar ƙwarai, tunda wasa ne da ake farawa bayan isha'i a kai shi tsakar dare. Ga mutanen zango kuwa, dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwamban 1969 ta watsa gidaje da ƙungiyoyi da dama, don haka kada mai bincike ya yi mamaki idan aka ce masa mai ganga ko babban ɗan wasan ya ƙarasa rayuwarsa a Kano ko Yamai.

Neman mutane ya fi kyau a fara shi daga gefe, ba daga shugaban ƙungiya ba. Shugaba ya riga ya ba da labarinsa sau da yawa har ya goge shi ya yi sumul, kuma a mafi yawan lokuta shi ne jarumin kowane babi. Wanda ke karɓar kuɗin ƙofa, da direban da ke ɗaukar kaya, da telan da ke ɗinka kakin soja na wasa, da matar da ke sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin fili, su ne ke tuna abubuwan da ba wanda ya taɓa tambayarsu. A Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango, hanyar isa ga irin waɗannan dattawa ita ce ta limamin unguwa ko sarkin zango ko wani ɗan gidan da aka yarda da shi. A je da goro, a gaisa yadda ya kamata, a bayyana abin da za a yi da maganar, kuma kada a kunna na'urar ɗaukar murya sai an nemi izini a fili. Wasu daga cikinsu sun yi aikin Hajji, sun zama dattawan masallaci, ba sa son jikoki su ji cewa sun taɓa ɗaura zane da ɗankwali a gaban jama'a. Wannan haƙƙinsu ne, kuma idan suka ce a sakaya suna, to a sakaya.

A wajen hira, tambayar da ta fi kowace rashin amfani ita ce ta shekara. Idan aka ce wa dattijo, “Baba, a wace shekara kuka yi wasan nan?” zai faɗi wata shekara don kada ya ba mai tambaya kunya, shi ke nan kuskure ya shiga littafi. Gara a ce, “Baba, nawa ake biya a ƙofa ran nan?” Idan ya ambaci sule, to an san kafin Yulin 1965 ne, lokacin da sidi ya maye gurbin fam. Idan ya ce sabon sidi, an wuce Fabrairun 1967. Idan kuwa ya ce dubu biyar ko dubu goma ake biya, to kafin 2007 ne, shekarar da aka yanke sifiri huɗu daga kuɗin ƙasa. Haka nan a tambayi Hajiya wane ɗa take goyo a lokacin, ko an yi wasan kafin yunwar 1983 ko bayanta, ko mutanen da aka koro daga Najeriya a wannan shekara sun riga sun iso. Da irin waɗannan tambayoyi biyu ko uku ake matse wasa cikin shekara ɗaya ko biyu, kuma wannan ya fi lambar da aka faɗa don kara.

Daga nan a roƙe shi ya maimaita zolayar da bakinsa, da muryar da ya yi ta, ya kuma faɗi daidai inda jama'a suka fashe da dariya. Wannan wuri shi ne zuciyar binciken. Misali, a yunwar 1983 mutane sun rame har ƙasusuwan wuyansu suka fito, sai jama'a suka laƙaba wa ƙasusuwan nan sunan sarƙar Rawlings. Ɗan wasan da ya fito a lokacin ya buɗe wuyan rigarsa yana shafa ƙashin kamar mai taƙama da gwal bai ambaci sunan kowa ba, amma ba wanda zai kasa ganewa. Mai binciken da bai san wannan ba zai rubuta cewa ɗan wasan ya shafa wuya, ya wuce, alhali nan ne duk siyasar take. Saboda haka a riƙa tambaya game da tafiya, da tari, da irin hular da aka sa, da sandar da aka riƙe, domin a zamanin soja jiki ne ke faɗin abin da baki ke tsoro.

Akwai wani tarko da kusan kowa ke faɗawa. Bayan gwamnati ta faɗi, kowace ƙungiya takan tuna kanta a matsayin wadda ta tsaya tsayin daka, alhali tarihin sana'ar cike yake da yabo kamar yadda yake cike da zambo. Axim Trio ta yi wasannin goyon bayan Nkrumah, gwamnatinsa kuma ta riƙe ƙungiyar wasa tata a ƙarƙashin Workers Brigade, rundunar ma'aikata ta gwamnati. Ba abin kunya ba ne ƙungiya ta yi wa jam'iyya wasa a wajen gangami don ta samu na cefane, amma ɓoye shi ha'inci ne ga mai karatu. Duk labarin kamu ko duka ko hana wasa, a nemi mutum na biyu da ya gani da idonsa wanda kuma ba su zauna tare da na farko sun daidaita baki ba. Idan ba a samu ba, a rubuta cewa wane ne ya faɗa, a bar shi a haka.

Takardu kan zo a ƙarshe, kuma kada a sa musu rai da yawa. Hukumar adana takardun tarihi ta ƙasa, PRAAD, tana da hedikwata a Akra da reshe a Kumasi. Tsofaffin kofe na Daily Graphic, wadda ta fara fita a 1950, da Ashanti Pioneer ta nan Kumasi, wadda aka kafa a 1939, suna da amfani musamman ta wajen tallace-tallacen wasanni, inda ake samun rana da wuri da kuɗin shiga. Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon tana da taskar sauti da hotuna, haka ma taskar Bokoor da masanin kiɗan Ghana John Collins ya kafa. Gidan rediyo da talabijin na GBC ya yi asarar ɗimbin faifansa a gobarar 1989, don haka kaset ɗin da ke cikin akwatin wata tsohuwa yana iya zama shi kaɗai ya rage. Idan aka samu irinsa, kada a cusa shi cikin tsohuwar rediyo mai cin zare. A kai wa wanda ya iya juya shi zuwa kwamfuta, a mayar wa mai shi da abinsa tare da kofe.

Wajen rubutawa, a bar kowace zolaya cikin harshen da aka yi ta. 'Yan wasan Kumasi kan tsallaka daga Hausa zuwa Twi zuwa Turancin kasuwa a cikin jimla guda, kuma sau da yawa a wurin tsallakawar nan dariyar take, kamar inda ɗan siyasa ke zuba Turanci a kan mumbari sannan ya juya ya roƙi bashi da Hausa. A rubuta maganar yadda ta fito, a biyo ta da fassara da ɗan bayanin abin da ke faruwa a ƙasa a wannan watan. A ware abin da ɗan wasa ya faɗa a kan dandamali daga abin da marubuci yake tabbatarwa, domin soke dokar 2001 bai hana wanda aka ɓata wa suna kai ƙara kotu neman diyya ba, kuma da yawa daga waɗanda aka zolaya suna da 'ya'ya da jikoki a unguwannin nan. Kafin a buga, a koma wurin dattawan a karanta musu sashen da ya shafe su da babbar murya, a gyara sunaye da laƙabobi, sannan a ajiye kofen muryoyin a wurare biyu, ɗaya a hannun iyalan ƙungiyar, ɗaya a taskar da ɗalibai za su iya zuwa su saurara.