Yadda ƙauye zai ƙirga mutanensa da kansa

Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, lokacin da aka samu mutum miliyan 140 da 'yan kai. Wadda aka shirya yi a 2023 kuwa ɗage ta aka yi. Don haka ƙauyen da ke neman rijiyar burtsatse ko ƙarin aji, gara ya ƙirga kansa da ya tsaya kan kintace.

A fara da dagaci da masu unguwanni, liman kuma ya sanar bayan Juma'a cewa ba maganar haraji ba ce, ba kuma rabon tallafi ba. Tsoron haraji kan sa a ɓoye mutane, kwaɗayin tallafi kuma kan sa a rubuta har waɗanda ba a haifa ba.

Lokaci mafi dacewa shi ne ƙarshen damina, kafin 'yan cin rani su watse. A tsayar da dare ɗaya, a ce na Alhamis, tambayar ko'ina ta zama: wa ya kwana a nan daren Alhamis? Ɗan gida da ke birni ko almajiranci a ba shi shafi na dabam. In aka gwama su, lissafin ya lalace.

Kafin shiga gidaje, a zana taswirar garin, a sa wa kowane gida lamba da fenti, don alli ruwa na wanke shi. Kada a manta rugage da gidajen gona.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ƙirga ƙofa maimakon tukunya. Gida ɗaya na iya ƙunsar uba da 'ya'yansa uku masu aure. In tukunyarsu ɗaya, iyali ɗaya ne. In kowa na girkinsa, huɗu ne, sai a rubuta 12A, 12B, haka dai. Kowane mutum layi guda: suna, jinsi, shekaru, dangantaka da maigida, makaranta, sana'a.

Masu ƙirga su tafi bibbiyu, namiji da mace, domin namiji a zaure zai tsaya, kuma maigida ba kasafai yake riƙe shekarun yara ba. Uwa ma, saboda alkunya, takan tsallake ɗan fari, sai a tambayi kishiya ko kaka. Jaririn da ba a raɗa wa suna ba shi ne ya fi ɓacewa. A tambaya kai tsaye ko akwai mai jego.

Shekaru kuwa, in aka bar mutane, kowa talatin ne ko arba'in. A yi jadawalin abubuwan da gari ke tunawa: rasuwar Sardauna a 1966, shigowar naira a 1973, kisan Murtala a 1976, rasuwar Abacha a 1998, sannan naɗin dagaci ko shekarar gobarar kasuwa. Yara kuma a duba katin rigakafinsu.

Bayan an tattara, wata tawagar ta sake bin gida ɗaya cikin goma. Ma'aikatan lafiya kan ɗauki 'yan ƙasa da shekara biyar a matsayin kashi 20 cikin ɗari na jama'a. In naku ya tsaya a 10, an bar yara a baya, a koma. Littafin sunaye ya zauna wurin dagaci, ana ƙara haihuwa ana soke rasuwa duk wata. Jimilla kawai za a kai wa ƙaramar hukuma.